Jona a-kori-kura da wuta a sanyin Kanada: yaushe, kuma awa nawa?

Sabon Baƙo, Edmonton

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi a-kori-kura ta hannu mai shan dizal, ƙirar 2018, kuma wannan ne hunturunta na farko a hannuna. Akwai wata waya mai baki uku da ta leƙo ta gaban motar, an ce mini ta bulok hita ce, a riƙa jona ta da wuta idan sanyi ya tsananta. To hasashen mako mai zuwa ya nuna za a kai digiri 30 ƙasa da sifili. Daga wane sanyi ake fara jonawa? A bar ta kwana a jone ko kuwa? Wace irin wayar ƙari zan saya? Ta yaya kuma zan gane hitar tana aiki, tunda ba fitilar da ke nunawa? Allah ya saka da alheri.

Bakaniken Winnipeg

Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Ka yi dabara da ka tambaya tun sanyin bai sauka ba.

Bulok hita wani ɗan ƙarfe ne mai zafi da lantarki, an cusa shi a jikin bulok ɗin inji, kansa yana nutse cikin ruwan da ke zagaya injin. Kamar dai hitar da ake tsomawa a bokiti a dafa ruwan wanka, kuma halinsu ɗaya: in ta yi zafi babu ruwa a kanta, ƙonewa take yi. Ruwan da ta ɗumama yana hawa sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, a haka zafin ke bin bulok da kan silinda ba tare da famfo ya juya ba. Wani mutumin Grand Forks a Dakota ta Arewa, Andrew Freeman, shi ya samu lasisin ƙirƙirar irinta ta farko a 1949.

Dizal ya fi fetur bukatarta domin injin dizal ba tartsatsi ke kunna shi ba, zafin iskar da aka matse a silinda ne. Idan bangon silinda ya yi sanyi ƙwarai sai ya shanye wannan zafin, man ya ƙi kamawa, ka ji inji yana ta juyawa yana fitar da farin hayaƙi.

Yawanci a nan ana fara jonawa daga -15 na Salshiyas. Wasu littattafan mota sun ce -18. Duba littafin taka, amma a dizal ba asara ba ce ka fara daga -15. Ka lura da ainihin zafin iska, ba wanda masu hasashe ke ƙarawa saboda kaɗawar iska ba. Iska tana sa inji ya huce da sauri, amma ba ta saukar da shi ƙasa da zafin wurin.

Maganar kwana a jone, ba sai an yi ba. Cikin awa uku zuwa huɗu injin yana kaiwa iyakar ɗumin da hitar za ta iya ba shi, daga nan zafin da ke shiga daidai yake da wanda ke fita. Hitar manyan a-kori-kura masu dizal tana cin wat 750 zuwa 1000, ta masu fetur kuwa 400 zuwa 600. Mai wat 1000 a awa huɗu ta ci kilowat-awa 4, in ta kwana awa 12 ta ci 12, ɗumin kuma ɗaya ne da safe. Ka sayi taima ta waje wadda aka rubuta amfiya 15 a jikinta, ka saita ta kunna awa huɗu kafin fitarka. Kada ka sa irin ƙaramar nan ta fitilun ado ta cikin ɗaki.

Wayar ƙari kuma a nan ake yawan kuskure. Ta zama mai baki uku, ta amfanin waje, wadda aka rubuta tana jure -40, domin robar ta cikin gida tana sandarewa ta tsage. Kaurinta lamba 14 in ba ta wuce mita 15 ba, in ta fi haka lamba 12. Lambar tana raguwa ne waya tana ƙara kauri, don haka 12 ta fi 16 ƙarfi. Siririyar waya mai tsawo tana rage ƙarfin wutar da ke isa hita, ita kuma tana ɗaukar zafi. Kada ka haɗa wayoyi biyu, kada ka bar ta a naɗe tana aiki, kuma kada mahaɗar ta kwanta cikin dusar ƙanƙara.

Gwaji: ka samu mita mai auna om, ka ɗora a kan baki biyu masu faɗi na filogin motar, ba a jone ba. Lissafin shi ne 120 sau 120 a raba da wat. Hita mai wat 1000 za ta nuna kusan om 14, mai 750 kusan 19, mai 400 kusan 36. In mita ta nuna babu haɗi sam, ko waya ta tsinke ko hitar ta ƙone, kuma galibi wayar ce, daidai wuyan filogi inda ake lanƙwasa ta. In ba ka da mita, ka jona a wuri mai shiru ka kasa kunne, wani lokaci za ka ji ɗan sautin tafasa bayan minti ɗaya ko biyu.

Injiniya Fort McMurray

Oga bakanike ya gama da hita. Ni abin da nake so Malam Sabon Baƙo ya riƙe shi ne abubuwan da hitar ba ta taɓawa, domin mutum zai jona mota yadda ya kamata ta kuma ƙi tashi, ya ɗora wa hita laifi.

Batir shi ne kan gaba. A -18 ma batir yana rasa babban kaso na ƙarfinsa, a daidai lokacin da inji ke neman fiye da na kullum. Yawancin manyan a-kori-kura masu dizal batir biyu gare su, in ɗaya ya raunana yana jan ɗayan ƙasa, saboda haka tare ake canza su. Ka auna da safe kafin ka tayar: cikakke yana nuna bolt 12.6, in ka ga 12.2 ya kai rabi, ka yi masa caji. Cikakken batir ba ya daskarewa sai wajen -60, amma wanda ya sauka gaba ɗaya yana iya daskarewa tun kusan -7. In ka ga gefensa ya kumbura, kada ka yi masa caji ko ka jona shi da wata mota sai ya narke a wuri mai ɗumi, yana iya fashewa. Akwai bargon batir na lantarki, wat 60 zuwa 80, yana taimako sosai.

Sai bakin mai. Yana kwance ne can ƙasa a kaskon inji, zafin hita kuma sama yake hawa, kaɗan ne ke isa wurinsa. Mai 15W-40 a -30 yana yin kauri har famfo ya ɗauki lokaci kafin ya kai shi turbo da biyarin. Ka koma 5W-40 na sintetik, ko abin da littafin motarka ya rubuta don wannan sanyin. Ana kuma manna wata hita mai kama da faci a ƙasan kaskon, wat 125 zuwa 250. A goge wurin tas da tina kafin a manna, in akwai maiƙo za ta ɓantare ta ƙone. In kaskon na roba ne, kada a manna sai an tabbatar an yi ta dominsa.

Man dizal ma hita ba ruwanta da shi. Akwai kakin da ke cikinsa, sanyi na sa shi ya fito ya toshe filta. Alamarsa mota ta tashi lafiya, ka yi tafiya kaɗan ta fara shaƙewa ta mutu. Gidajen mai a Kanada suna sauya haɗin dizal gwargwadon lokaci, matsalar tana zuwa ne in tankinka cike yake da man bazara, wanda kan fara wannan tun sanyi bai kai -15 ba. Ka ƙarar da tsohon man ka cika da sabo, ka tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filta. Maganin hana daskarewa kuma ana zuba shi ne tun man bai kama ba. Ruwan DEF, wanda ake fesawa cikin salansa don tsabtace hayaƙin dizal, yana daskarewa a -11, amma tankinsa na da hitarsa, kada ka zuba masa komai.

Ka auna ruwan lagireto shi ma. Haɗin rabin ruwa da rabin maganin hana shi daskarewa yana kare inji zuwa kusan -37, kashi 60 na magani da 40 na ruwa yana kaiwa kusan -50. Kada a zuba maganin zalla da tunanin ya fi ƙarfi, zallansa yana daskarewa tun wajen -13.

Na ɗan saɓa da Oga a abu ɗaya. Wanda ake iya kira aiki kowane lokaci cikin dare, ko ranar da aka kai -35 zuwa -40 da iska, barin hita a jone dare guda ba ya cutar da inji muddin waya lafiya take kuma ruwa ya cika. Kuɗin wuta kawai za a biya. Kuma ka faka gaban motar yana kallon bango ko ya ba iska baya, don kada iskar ta kwashe zafin da kake saya.

In za ka haɗa duka a soket ɗaya, ka yi lissafi. Layin amfiya 15 ba a ɗora masa fiye da wat 1440 na dogon lokaci. Hita 1000, faci 250, barguna biyu 160, ya kama 1410, saura ƙiris. Ƙara hitar ɗumama cikin mota a kai zai kashe bireka.

Sabon Baƙo, Edmonton

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na auna na samu om 15, ke nan hitar da ranta. Amma da na jona a soket ɗin waje, nan take maɓallin jikinsa ya faɗa. Na danna ya koma, na sake jonawa ya sake faɗawa. In nemi soket marar wannan maɓallin?

Bakaniken Winnipeg

A'a Malam, kada ka yi haka. Wannan soket ɗin GFCI ne, yana yanke wuta idan ya ji tana zurarewa ta hanyar da ba tata ba, ko da miliamfiya 5 ce. Faɗawarsa na nufin wuta tana bi ta wani wuri, wataƙila ta jikin motarka. In ka kauce masa, kai ne za ka zama hanyar ranar da ka dafa bonet da jiƙaƙƙen takalmi.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Jona wayar ƙari ita kaɗai ba mota, in soket ya faɗa ita ce. In bai faɗa ba, duba filogin motar: gishirin da ake watsawa a titi yana taruwa tsakanin bakunan, da ɗan danshi sai ya zama hanyar wuta. Ka wanke da feshin goge mahaɗar lantarki, ka busar, ka shafa ɗan giris na lantarki, ka kuma riƙa rufe shi da murfinsa in kana tafiya. Daga nan ka auna om tsakanin kowane baki mai faɗi da zagayayyen bakin nan na uku. Dole mita ta nuna babu haɗi. In ta nuna wani adadi, ka zare wayar daga jikin hita a gefen bulok ka auna kowanne daban. In wayar ce, sabuwa za ka saya, ba a naɗe ta da tef. In hitar ce, fatarta ta tsage ruwa ya shiga, sai an canza. Ka duba mahaɗar ko akwai alamar ruwan lagireto ya ɗiga a kanta, ko robar ta narke ta yi baƙi.

Shekarar motarka ta sa dole in ƙara wannan. A Disambar 2018 Ford ta yi kiranyen a-kori-kura kusan 874,000 a Arewacin Amurka saboda ruwa da gishiri na shiga mahaɗar wayar hita har ta iya kama wuta, ciki da F-150 da Super Duty ƙirar 2018. A 2019 GM ma ta kira Silverado da Sierra masu injin dizal na Duramax ƙirar 2017 zuwa 2019 kan matsalar wayar hita. Ko wace iri ce taka, ka ɗauki lambar VIN, wato lambar shasin motar, ka duba a shafin kamfanin ko ka kira dila, gyaran kiranye kyauta ne. Kafin ka tabbatar, kada ka sake jonawa.

In har aka kai ga canza hitar, inji a sanyaye, a tsiyaye ruwan, a goge ramin daga tsatsa, a juya ƙarfen ta fuskar da takardarsa ta nuna don kada ya taɓa bangon bulok. Bayan an cika ruwa a tayar da inji ya yi zafi, iska ta fita, a ƙara ruwa, sannan a jona. Kumfar iska a kan ƙarfen tana ƙona shi cikin ɗan lokaci. Wayar kuma a ɗaure ta nesa da salansa da turbo da fanka.

Maman Haidar, Saskatoon

Ƙarin bayani kaɗan ga masu karantawa. Yawancin a-kori-kurar GM masu fetur suna da tamostat a cikin filogin, ba ya barin wuta ta wuce sai an kai -18. In ka auna da mita a rana mai sauƙin sanyi za ka ga babu haɗi, alhali lafiya lau take. Masu yanke wannan filogin su sa na gama-gari sukan ga fitilar cek-injin ta kama da lambar P0116, domin kwamfutar motar ta ga ruwa da ɗumi iska kuma da sanyi, ta ɗauka sensa ce ta lalace.

Soket ɗin wuraren faka na ma'aikatu da gidajen haya da yawa ba kullum suke da wuta ba, suna kawowa suna ɗaukewa gwargwadon sanyi. Wayar ƙari mai ƙaramar fitila a bakinta za ta nuna maka ko akwai wuta.

A cire waya kafin a tayar da inji. A rataya wayar ƙarin a kan madubin gefen direba don kada a manta a ja mota da ita, haka yawancin filogi ke tsinkewa. A jira fitilar hita-fulogi, wato fulogin da ke ɗumama silindar dizal, ta mutu kafin a murza kii, ko da an jona. Kada a fesa feshin tayar da inji (ether) a bututun iskar injin da ke da hita-fulogi ko hitar iska, yana iya fashewa a ciki. Kada kuma a sa garwashi ko risho a ƙarƙashin mota, ko a bar ta a silo cikin rufaffen gareji saboda hayaƙi mai kisa.

Wanda ke aiki inda babu soket sam, akwai hitar Webasto ko Espar da ke ƙona dizal daga tankin motar tana zagaya ruwan da famfonta. Tana da tsada kuma tana jan batir, don haka sai batiran suna da ƙarfi, a kuma riƙa kunna ta kamar minti 20 sau ɗaya a wata ko da bazara don kada ta toshe.