Neman kalma: me zan ce wa 'yan aji uku maimakon "ridim"?

Malamar Aji Uku: Assalamu alaikum. Don Allah a agaza min kafin Litinin. An ɗora min darasin waƙa da kiɗa, wanda manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta Najeriya, ta saka cikin darasin al'adu da fasaha, littafin kuma da Turanci yake. Kalmar ridim (rhythm a Turance) ce ta tsaya min a wuya. Na ce musu "kiɗa", wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ai babu ganga a ajin. Kuma gaskiya ya faɗa, tafi kawai muke yi.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Kari mana, Malama. Karin waƙa.

Malamin Hausa: Kari ya riga ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa. Karin magana, karin harshe, ga karin sauti a nahawu. A rubutacciyar waƙa kuma ma'aunin aruli yake nufi, gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Yaron da bai kai shekara goma ba, kina cewa kari zai tuna kumallo.

Bazazzagi: To take fa?

Malamin Hausa: Take na mutum ne. Makaɗi ya buga, kowa ya san wa ake kira. Ko wane take yana da ridim, amma ba shi ne ridim ɗin ba. Rauji ma kada a kawo shi, ya fi karkata ga hawa da saukar murya.

Dattijo: Kiɗamo. Kiɗa da amo, an haɗe su. Na daɗe ina ba da wannan shawara, ba a saurare ni ba. Yadda aka ƙera amsa-amo aka karɓa, haka wannan ma za a karɓa.

Bazazzagi: Baba, ranka ya daɗe, sai ka ce sunan maganin tari.

Dattijo: Ku yi dariya. Ku ne za ku rubuta "ridim" da bakinku ku ce Hausa ce. Shata ya yi zamaninsa da kalangu har ya rasu a 1999, Narambaɗa da kotso, Ɗanmaraya da kuntigi, wa ya ara musu kalmar Bature?

Badamagare: Ba su ari ta Bature ba, amma kiɗamo ɗin ma ba su ce ba. Mu nan Nijar a lakwal, wato makaranta, "ritim" yara ke ji daga Faransanci, ba wanda ya mutu. Kuma ku Najeriya kullum ku yanke kalma a Kano ko Zariya, sai dai mu ji a rediyo.

Dattijo: Ni Basakkwace ne, kada ka haɗa ni da Kanawa.

Malamar Aji Uku: Jama'a, Litinin fa. Kuma Baba ka yi haƙuri, duk kalmar da ta fara da kiɗa ina tsoronta. Wancan zangon wani uba ya zo har makaranta ya ce shi bai kawo ɗansa a mai da shi maroƙi ba.

'Yar Gidan Makaɗa: Anti, je ki kalli 'yan mata suna gaɗa da dare. Tafi, tafi, a ɗan dakata, tafi. Wadda ta saɓa, take za a gane, ba tare da ganga ba. A gidanmu idan mai rawa ya kauce, cewa ake takunsa bai bi kiɗa ba. Ki ce taku. Kowane tafi ɗaya bugu ne, yadda aka jera su da ratar da ke tsakani kuma shi ne takun.

Malamin Hausa: Bugu na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Taku dai na wucin gadi, don a jarrabawa zai rikice da takun rawa.

Malamar Aji Uku: Na rubuta bugu da taku a shirin darasi. Allah ya saka da alheri.

Dattijo: Taku na ƙafa ne, tafi na hannu. Ki gwada dai. In yaran sun ƙi, kiɗamo na nan.