Z4 ta tafasa ta ƙone gaskit: in gyara injin ko in sayi na Beljiyam?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. BMW Z4 ce 3.0i ta 2004, mai giyar hannu, injin M54B30. Tankin ruwa ya fashe a kan hanya, ta tafasa, yanzu tana shan ruwa tana farin hayaƙi. An auna kwamfureshan, silinda ta 3 da ta 4 sun faɗi ƙasa sosai. Dama can tana cin baƙin mai. Ina so tunda za a buɗe inji a yi aiki gaba ɗaya, a kuma ƙara mata ƙarfi. Makanike ya ce tof gaskit da ringi kawai za a saya. Haka ne? Me ya kamata in fara da shi?

Makaniken BMW, Kano: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka sayi komai tukuna. Bulok ɗin M54 na alminiyam ne, kuma idan ya tafasa sosai tiredin ramukan ƙusoshin tof silinda yana laushi. Za a ɗaura sabon gaskit, a zo ɗauri na ƙarshe, ƙusa ta zare tiredin ta fito da shi. Wani lokacin ma sai ta riƙe a gareji, ta saki bayan mako biyu a hanya. Ƙusoshin guda 14 ne, M10. Maganinsa Time-Sert, wato hannun ƙarfe mai tiredi da ake dasawa a cikin ramin, mai girman M10x1.5, a sa a duka ramukan 14, kar a tsaya a waɗanda suka lalace kaɗai. A yi hujin da farantin saiti don ramin ya tafi a miƙe, a toshe hanyoyin mai da na ruwa kar ɓarɓashi ya shiga.

Tof silindar kuma a kai wa masu wanki, wato masu gyara fuskar ƙarfen inji da na'ura, su matsa mata ruwa ko iska su duba tsagewa, don wannan injin yana yawan tsagewa a silindun tsakiya, kusa da bawul ɗin hayaƙi. In ta tsage, canji ne. In lanƙwasa ce, sabuwa tsayinta milimita 140, iyakar wanki 0.3, wato kar ta yi ƙasa da 139.7, kuma a sa gaskit mai ƙarin kauri na 0.3. Ɗauri: Nm 40 (Nm awon ƙarfin ɗauri ne), sai digiri 90, sai wani digiri 90, daga tsakiya zuwa waje. Sababbin ƙusoshi dole, domin na farko sun riga sun miƙe. Wanda zai ɗaure maka da dogon bututu a kan sifana yana cewa hannunsa ya san awo, karɓi motarka ka tafi.

Dilan kayan mota: Ni dai shawarata a lissafa kuɗin duka wannan a gwada da injin Beljiyam. Ana samunsa a kasuwar Ladipo ta Legas da Apo ta Abuja, wani lokaci a Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai dai a karanta lambar da aka buga a jikin bulok: 306S3 shi ne mai lita 3. In ka ga 256S5, mai lita 2.5 ne, a ido kuwa kusan ba ka bambanta su. Na motocin BMW E39 da X5 kwanon mansu daban ne, sai a mayar da kayan injinka a kai.

Mai wankin inji, Kaduna: Oga, injin Beljiyam ma ya haura shekara goma sha biyar, kuma babu mai ba ka labarin ko ya taɓa tafasa. Wanda zai matsa wa mota gara ya gina nasa ya san abin da ke ciki.

Batun cin baƙin mai: ringin mai na M54 ba shi da ƙarfin matsi, da ya yi dauɗa sai ya maƙale a jikin fistin. A wanke ramin ringin da ƙananan hujojin da mai ke komawa ta cikinsu, a sa ringin mai mai gida uku. Faɗin silinda milimita 84 ne. A auna shi sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. In bai ci ba, goga shi kaɗan da dutsen honin ya isa, ba sai an faɗaɗa ba. Kowane ringi a tura shi cikin silindar da zai zauna, a daidaita shi da kan fistin, a auna bakinsa da fila geji, wato siraran ƙarafan awon tazara. Ringin sama, wajen milimita 0.30 zuwa 0.35 ya yi wa motar da za ta sha zafi. In ya matse, da ya ɗau zafi bakinsa zai haɗe ya kankare silinda.

Metal kuwa, wato biyarin karanshaf da kwanrod, a auna karanshaf kafin a ce a wanke shi, sau da yawa goge shi kawai yake so. A sa Plastigauge, wato zaren robar awon tazara, tazarar kwanrod ta zauna tsakanin milimita 0.020 da 0.055. Ƙusoshin kwanrod sababbi, Nm 20 sannan digiri 70.

Abin da ake mantawa shi ne notin da ke riƙe da haƙorin famfon mai. Tiredinsa na hagu ne, kuma karanshaf ɗin mai lita 3 yana da doguwar tafiya, milimita 89.6, yana girgiza idan juyi ya yi sama. Notin ya kwance, famfo ya tsaya, cikin daƙiƙu metal ya tafi. A sa gam ɗin tiredi Loctite ja, a ɗaure Nm 25, a huda notin a ɗaure shi da waya. In za ka riƙa juya mota a fili, a sa farantin tare mai a cikin kwano don kar famfo ya ja iska a kwana.

Makaniken BMW, Kano: Ƙari a kan nasa. Abin da ya kashe injin tun farko robar sanyaya ce, don haka tankin ruwa da murfinsa, famfon ruwa, tamostat, manyan tiyo biyu da bututan roba na ƙarƙashin manifol duk a canza. Lagireto ma in wuyansa ya fara yin ja. Kuma don Allah kar a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye kamar yadda aka saba yi. Kwamfutar motar ce ke sarrafa shi, in babu shi mota za ta yi ta shan fetur tana wanke silinda. Kulan rabi, tataccen ruwa rabi, ban da ruwan rijiya. A fitar da iska: makulli a kunne, hita a ƙarshe, a buɗe ƙusar fitar da iska har kumfa ta ƙare. Robobin VANOS (mai sauya saitin kamshaf) da CCV (bawul ɗin fitar da tururin mai) da gaskit ɗin gidan filtar mai a canza su yanzu da hannu ke kaiwa. A jijjiga marfin DISA, wato bawul ɗin da ke cikin manifol ɗin iska, in yana kaɗawa a gyara, ƙarfensa yakan faɗa cikin inji.

Mai aikin kwamfutar mota, Abuja: Yallaɓai, rage buri kaɗan. Injin nan daga kamfani doki 231 ne da Nm 300, ba shi da tabo (turbo), matsinsa 10.2. Taɓa kwamfuta kaɗai, taka MS45 ce, abin da zai ƙara kaɗan ne. Amsawar totur ce za ka fi ji. Inda ake samun riba shi ne manifol ɗin hayaƙi mai dogayen bututu da kamshaf mai ɗan tsayi. Dubi 330i ZHP ta Amurka: da sauya kamshaf da saitin kwamfuta, doki 10 kacal kamfanin ya ƙara.

Matsalarmu fetur. An auna ƙarfin injin da mai oktan 98, namu ba kasafai yake kai haka ba. Fayil ɗin da aka sauke daga intanet yana gaggauta wuta saboda man Turai, a namu sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa. A yi saiti a kan man da za ka riƙa sha, da sansar iska mai faɗin awo, haɗin iska da fetur ya tsaya wajen kashi 12.8 zuwa 13.0 na iska a kan kashi ɗaya na fetur idan an take totur, ana kallon yadda kwamfuta ke janye wuta a kowace silinda. Iyakar juyi a bar ta a 6,500. In kana son ta ja sosai a tashi, canza difarensha daga 3.07 zuwa 3.46 ya fi duk wannan tasiri a ƙafa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tsaya a kan gyaran nawa. Bayan an haɗa, yaya za a tayar da shi, kuma yaushe za a taɓa kwamfutar?

Mai wankin inji, Kaduna: A cire fulogi da fis ɗin famfon fetur, a yi ta juya inji har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar a tayar. Lita 6.5 yake sha. Fara da baƙin mai na gama-gari, kar a bar shi yana sulo na awanni, ringi ba ya zama haka. Fita da ita, ka taka ka saki a giya ta uku da ta huɗu, kar ka wuce juyi 4,000. Juye man da filta bayan kilomita ɗari na farko, ka yanka filtar ka duba ko akwai ƙyallin ƙarfe. A kilomita 1,500 ka koma 5W-40 mai shaidar amincewar BMW ta LL-01, a sake auna kwamfureshan. In silindun shida sun zo kusa da juna, sai ka kai wa mai kwamfuta.