Muhawarar zauren gida: wai ci baya aka yi da aka ajiye Concorde?

Auta: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya na raba dare ina karatu a kan jirgin Concorde, har yanzu abin yana ci mini rai. Tun 1977 mutum kan tashi daga Landan ya sauka New York cikin awa uku da rabi. Yau sai ya yi bakwai zuwa takwas. Gudun jirgin ya ninka na sauti, kusan kilomita 2,180 a awa. Aka ajiye shi a 2003, kuma har yau ba a sake samun jirgin fasinja mai wuce gudun sauti ba. Jiragenmu suna nan a kilomita 900 a awa, kamar Boeing 707 na 1958. Ni dai na ce ci baya aka yi. Da yana nan, awa biyu ta ishi Baba daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato zuwa Jidda.

Yaya Injiniya: Wa alaikumus salam. Auta, lissafinka na gudu daidai ne, amma maganar Jidda ba ta zauna ba. Duk jirgin da ya wuce gudun sauti yana jan wata ƙara a bayansa kamar tsawa, kuma ba sau ɗaya take tashi ba, duk garin da ya bi ta samansa sai ya ji ta. Amurka ta gwada a kan birnin Oklahoma a 1964, mutane suka yi ta kai ƙara kan fashewar gilasai da tsagewar bango. A 1973 ta hana irin wannan gudu a saman ƙasarta. Shi ya sa Concorde sai ya hau teku yake sakin jiki. To daga nan zuwa Jidda tekun nawa ne? Nijar ce da Chadi da Sudan, sai ɗan tsallaken Bahar Maliya.

Auta: Yaya, ai yawancin hanyar hamada ce.

Kawu Malam: Hamadar ma akwai mutane da dabbobinsu a ciki, Auta. Kuma gidajen ƙasa ne irin namu.

Yaya Injiniya: Ga kuma kuɗi. Kujera 100 ce kawai a cikinsa, yana shan mai wajen lita 25,000 a awa. Guda 20 aka ƙera gaba ɗaya, 14 suka yi aikin fasinja, kuma British Airways da Air France kaɗai suka riƙe shi, kamfanonin ƙasashen da suka zuba dukiyarsu a ƙirar. Sauran da suka nuna sha'awa duk sun janye, balle da man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973. Amurka ta soke nata, Boeing 2707, tun 1971. Na Tarayyar Sobiyet, Tu-144, ko shekara bai cika yana ɗaukar fasinja ba. A shekarar da Concorde ya fara tashi, 1969, a ita Boeing 747 ma ya fara. Ɗaya ya zaɓi gudu, ɗaya ya zaɓi ciki. Ka dubi wanda ya yi shekaru yana kwasar maniyyata ɗari huɗu da wani abu a sawu ɗaya.

Baba Alhaji: Na karanta duk abin da kunka rubuta. Auta, kakana da ƙasa ya tahi Makka, ta Barno da Chadi da Sudan, sai da anka yi shekara huɗu kahin a sake ganin shi. Ni kau na yi sallar asuba Sakkwato, na yi la'asar Jidda. Wanda ya san wanga bai cewa awa biyar ta yi yawa.

Amma ba shi ne abin da ya sa na saka baki ba. Ku yara ba ku san 11 ga Yulin 1991 ba. Jirgin alhazai ya taso daga Jidda, nan Sakkwato za shi, da mutum 261. Ko ɗaya bai tsira ba. Da anka bincika, me anka samu? Taya. Tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, sunka fashe wurin tashi, wuta ta kama, anka naɗe su cikin jirgi da wutar. Na ga gidajen da anka yi zaman makoki ba gawa. Sannan 29 ga Oktoban 2006, jirgin Abuja zuwa nan, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Allah shi jiƙan su baki ɗaya. Mutumin Sakkwato in ya ji ana zancen jirgi, sauka lahiya yake fara tambaya.

Kawu Malam: Amin ya Allah.

Inna Hajiya: Amin. Allah ya kyautata namu zuwan.

Yaya Injiniya: Amin, Baba. Kuma shi ma Concorde taya ce ta karya shi. Ranar 25 ga Yulin 2000 a Paris, ya taka wani guntun ƙarfe da ya faɗo daga jirgin da ya riga shi tashi. Tayar ta fashe, ɓarinta ya bugi tankin mai a fiffike, wuta ta tashi. Mutum 113 suka mutu. Ya dawo aiki a ƙarshen 2001, amma fasinja sun ragu, kuɗin gyara ya ƙaru. Auta, nan ci gaban da kake nema ya tafi: inji biyu yau yana ƙetare tekun da dā sai huɗu, da mai kaɗan, ga na'urorin da ke gargaɗin matuƙi in zai yi karo da wani jirgi ko ya doshi tudu. Ba a ganin su ta taga, shi ya sa kake jin kamar an tsaya.

Auta: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ban kawo maganar don in raina abin da ya faru ba. Amma Yaya, ban yarda dole sai an zaɓi ɗaya tsakanin gudu da aminci ba. Kuma ana son abin har yanzu. Kamfanin Boom na Amurka ya wuce gudun sauti da ƙaramin jirginsa na gwaji, XB-1, a Janairun 2025. Kamfanin sufurin jirage na United ya yi odar babban jirgin fasinjan da Boom ke shiryawa, Overture, guda 15, kamfanin American guda 20. NASA kuma, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ƙera jirgin gwaji X-59 musamman don ƙarar ta koma kamar an rufe ƙofar mota daga nesa. In wannan ya yi, hujjarka ta hamada ta faɗi. Wayar hannu ma da ta zo a 2001, layi kaɗai sai mai hali. Yau mai tallan goro yana da ita.

Yaya Injiniya: Kan X-59 na ba ka gaskiya, in ƙarar ta mutu dokar za ta canja. Amma misalin waya bai hau ba. Kayan waya araha suke yi in an ƙera da yawa. Iska kuwa ba ta ragi, matuƙar ka wuce gudun sauti turjiyarta sai ta hau, dole ka ƙona mai. Overture kujera 64 zuwa 80 ce, kuma kamfanin ƙera inji na Rolls-Royce ya janye daga aikin injinsa a 2022, yanzu 'yan Boom ɗin da kansu suke ƙoƙarin ƙerawa. Oda a takarda daban, jirgi a titi daban.

Inna Hajiya: Ku tsaya ni ma in faɗi tawa, tunda na fi ku hawa saboda kasuwa. Bara cikin hunturu zan dawo gida, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Tun takwas na safe nake zaune da kayana. Aka ce sha biyu, aka ce uku, bayan magariba aka ce hazo ya rufe, jirgi ba zai tashi ba. Kusa da ni wata yarinya ce da aka kira ta mahaifiyarta na asibiti, tana ta kuka, ba abin da na iya yi mata sai addu'a. Auta, da jirginka ne a wurin, zai ga titi cikin hazon?

Auta: A'a Inna, shi ma zama zai yi.

Inna Hajiya: To Injiniya, shi hazon ba shi da magani ne? Kowace shekara fa sai ya zo.

Yaya Injiniya: Akwai, Inna. Wata na'ura ce da ake kira ILS, ana kafa ta a bakin titin jirgi, tana aika siginar rediyo da ke nuna wa matuƙi tsakiyar titin da yadda zai gangaro ko bai ga ƙasa ba. Mataki uku gare ta, na ukun shi ke saukar da jirgi cikin hazo mai kauri. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. Sai jirgin yana da kayan karɓar siginar, matuƙin ya yi horon, fitilun titi suna ci, wuta ba ta yankewa, kuma lokaci-lokaci a zo da jirgi na musamman a auna ta. Ɗaya ya ɓace, sai a koma jiran gari ya washe.

Inna Hajiya: To wannan za ku riƙa tambayar masu zuwa neman ƙuri'a. Auta, kai da ka iya rubutu, ka tsara mana shi a takarda kafin Juma'a.