Neman kalmar Hausa: me za mu kira "autochtones" a rikicin zinari?

1/ 'Yan'uwa, duk labarin rigima tsakanin kamfanin haƙar zinari da mutanen ƙauye da zai fito da Faransanci, sai ka ci karo da "populations autochtones". Masu juya mana labarai kowa da tasa: wani ya ce 'yan ƙasa, wani 'yan asali, wani 'yan gari. Mu tsayar da ɗaya, domin a teburin diyya wannan kalma ce ke nuna wanda za a ba tabarma da wanda za a bari a tsaye.

2/ "'Yan ƙasa" ba ta yi ba. Wanda ya zo daga Yawunde da lasisi a aljihu da katafila a baya, shi ma ɗan ƙasa ne, katinsa na hannunsa. Ga kuma doka: ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kuma tun dokokin filaye na 1974 a Kamaru, filin da ba shi da takardar mallaka yana cikin filayen ƙasa da hukuma ke iko da su. Mu ce "'yan ƙasa", mun haɗa mai gona da wanda ya tone gonar a kwando ɗaya.

3/ Wani Malam daga Marwa ya ce a bar "'yan asali", kunne ya saba da ita. Allah ya gafarta Malam, ya saba kam, amma kowa ya san kishiyarta. Ka ce wa mutum marar asali ka ga abin da zai biyo baya. Kuma mu Hausawan Garwa da Ngaundare mun san zafin "allogène", kalmar Faransanci da ake kiran baƙo da ita: kakanka an binne shi a unguwar, amma ranar rabon kujerun majalisar gari sai a tuna maka kai baƙo ne. Ba na son mu fassara wannan ciwon da hannunmu mu shigar da shi maganar zinari.

4/ "'Yan gari" kuwa ta bar mutane a waje. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare haƙƙin "autochtones", Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwarta a kansu a 2007, kuma waɗanda aka fi nufi a nan su ne Bororo da mutanen kurmi irin su Baka. Wane gari Bororo ke da shi? Abin da yake da shi burtali ne da mashaya. A yankin Betare-Oya da Baturi, a gabashin Kamaru, inda kamfanoni, da dama na 'yan Sin, suka haƙa suka tafi ba su cike ramuka ba, ruwa ya taru, mutane da shanu sun hallaka a ciki. Makiyayin da saniyarsa ta faɗa ramin yana da magana, ko da ba shi da ɗaki ɗaya a cikin gari.

5/ Wata Hajiya daga Injamena ta kawo "masu ƙasa". Hajiya, a wurinmu mai ƙasa Lamiɗo ne, kuma sau da yawa ta ƙofar fada ake bi a shiga daji ba a tambayi talaka ba.

6/ Tawa shawarar: magadan wuri. Waɗanda suka gaji gona, rijiya, makiyaya ko maƙabarta a wurin, ko da takarda ko babu. Ba ta tambayar wa ya riga wa zuwa duniya, tana tambayar wa ya taras da iyayensa suna ci a nan kafin injin gano zinari ya yi ƙara. Mu gwada ta da Miski a Tibasti, arewacin Cadi. A 2018 Tubawan wurin suka kafa kwamitin kare kai, suka ce ba za a kwashi zinarin yankinsu ba tare da tsarin doka da rabonsu ba. Sojan Cadi suka kai farmaki, sai a Nuwamban 2019 aka sa hannu kan sulhu. "Magadan wuri sun ƙi a haƙa ba da yawunsu ba." Ta zauna a baki, ko a rediyo.

Amma kada a yafa ta a kan kowace rigima. Faɗan Mayun 2022 a Kuri Bugudi, filin zinari a arewacin Cadi, da gwamnatin ƙasar ta ce ya ci rayuka kusan 100, tsakanin mahaƙa ne da suka zo daga nesa. Wannan sunansa rikicin mahaƙa.

7/ Wani Baba daga Cholire ya ce to wanda ya sayi gona shekaru talatin baya fa, bai gada ba? Gaskiyarka Baba, shi ba magaji ba ne, amma ramin na bakin gonarsa. Faransanci na ce musu "riverains". Na ji an kawo "maƙwabtan rami" da "mazauna kewaye". Ta farko ta fi mini, sai dai ina jiran mutanen Mayo Rey, yankin da Cholire take a arewacin Kamaru, su ke kwana kusa da ramukan.