Ɗinki tara, waya kuma ta tafi

Mai gwanjo, Agege: Jama'a raina a ɓace yake. Wata biyu ƙanena yana kallon bidiyon ƙwace wuƙa a TikTok, yana gwaji da cokali a ɗaki. Jiya da magariba a ƙarƙashin gadar Oshodi wani yaro ya zaro masa wuƙa, ya ce kawo waya. Shi kuma gwani sai ya cafke hannun yaron. Ashe su uku ne. Ɗinki tara aka yi masa, likita ya ce saura ƙiris jijiyar yatsunsa ta tsinke, wayar ma ta tafi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan damben zai ƙarar mana da yara.

Mahauci, Mile 12: Allah ya ba shi lafiya. Amma Alhaji ka janye kalmar dambe. Dambe gadonmu ne, hannu ɗaya ake ɗaurewa, turmi uku, ga alƙali, kuma ba a shiga da ƙarfe.

Mai gwanjo: Ni fa ban zagi sana'arku ba.

Ɗan Sakkwato: Da ɗan damben ɓangaren Arewa ne, ukun nan duk sai sun sha ƙasa.

Direban tirela, Apapa: Ka ji irin maganar da ta kai yaron asibiti. Wanda ya tare ka ba shi kaɗai ba ne, ka miƙa waya ka tsira da hannunka.

Ɗan Sakkwato: Mu ba a san mu da gudu ba.

Direban tirela: In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Bakano, Idi-Araba: Tsaya, wace Arewa? Yaushe rabon ku kayar da ɗan damben ɓangaren Kudu a filin dambe?

Ɗan Sakkwato: Tambayi 'yan damben ɓangaren Guramada, su za su faɗa maka.

Bakano: Kawo bidiyo.

Ɗan Sakkwato: Wayata ta cika, na goge.

Baba mai goro: Yara, da an ba shi maganin ƙarfe ai wuƙar lanƙwashewa za ta yi.

Direban tirela: Baba, da girmanka!

Mai gwanjo: Har yanzu ba wanda ya tambayi asibitin da yake.

Shugaban zaure: To a tsaya haka. Abin da aka cimma: Alhaji ya yi kuskure da ya kira abin dambe, kuma kowa ya gani ɗan Arewa ya kasa kawo hujja, Kudu ce a sama. Maganar maganin ƙarfe a bari sai bayan Isha'i.