"Labarin zuciya a tambayi fuska": yaro ɗan yaye ma yana iya tambayarta?

Baban Sadik, Bolari: Assalamu alaikum. Ana kawo karin maganar nan ne idan mutum ya ce ba komai, fuskarsa kuwa ta ce akwai. To shin ta shafi yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku, ko sai wanda ya yi wayo?

Malamar Raino, Pantami: Wa alaikumus salam. Ai yaro ya fi babba riƙo da ita, don shi ba shi da wata hanya. Daga wata 9 zuwa 12 yake fara duban fuskar uwa kafin ya yanke shawara. Ku lura da mai tatata idan ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa: ba nan take yake kuka ba, sai ya ɗago kai tukuna. In ya ga an dafe ƙirji ana salati, ya fashe da kuka. In ya ga fuska a sake, an ce "tashi, sannu", yawanci ya kaɗe hannu ya wuce. A 1985 an gwada wannan a Amurka da 'yan wata 12, a kan teburin gilashi mai kama da rami. Da uwa ta yi murmushi, yawancinsu sun rarrafa sun haye. Da ta nuna tsoro, ko ɗaya bai haye ba.

Dattijo, Jekadafari: Malama, ban ƙi taki ba, amma karin maganar ba ta tafiya ita kaɗai. Waɗanda suka yi ta su ne suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, suka kuma ce haƙorin dariya shi ke cizo. Mu nan Gombe da kawaici aka san mu. Uwar ɗan fari ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa fara'a a gaban surukai. Sannan yaro rabin yininsa a goye yake, ƙeya yake kallo. Wace fuskar zai tambaya?

Nas Hauwa, Tudun Wada: Baba, goyo ba ya hana. Yana jin murya, yana jin yadda bayan uwa ya ƙage ko ya saki, yana kuma kallon fuskar wadda take magana da ita. Kunyar ɗan fari ma ta gaban mutane ce, kuma ga kaka, ga goggo, ga 'yan uba.

Inda nake ganin ana wuce gona da iri shi ne a ɗauka ganin fuska daidai yake da tausayi. Mataki-mataki ne. Jariri yana kuka in ya ji kukan wani, amma bai bambance nasa da na wancan ba. Wajen shekara ɗaya da 'yan watanni, in abokin wasansa na kuka, sai ya jawo tasa uwar, ko da uwar mai kukan na zaune a wurin. Tsakanin wata 18 da 24 yake gane kansa a madubi, a nan ne kuma za ka ga ya shafa bayan mai kuka ko ya miƙa masa ragowar ƙosansa. Gane cewa wani na iya ɗaukar abu ba yadda yake ba kuwa, sai wajen shekara huɗu. Don haka murmushin yaƙe na kawaici da Baba ke nufi, ɗan shekara biyu ba ya karanta shi. Murmushi kawai yake gani.

Malamar Raino, Pantami: Nan ne ma ɓarnar take. Yaro ya kwaɗa wa yayarsa ludayi, baki na cewa "bari", fuska na dariya. Fuskar zai bi. Haka masu koya masa daƙuwa ana shewa, gobe ya yi wa baƙo a zaure a zane shi.

In ya doki wani ko ya cije shi, a durƙusa daidai tsayinsa, a riƙe hannun, a tsuke fuska ba tare da tsawa ba. Magana kar ta wuce kalma huɗu zuwa biyar: "Ba a duka. Akwai zafi." A fara lallashin wanda aka doka, shi yana kallo, a nuna masa: "Dubi, tana kuka." Sai a ba shi aikin gyara, ya ɗauko mata ruwa ko ya shafa wurin. In ya ƙi cewa sannu kar a tsaya ja da shi, babba ya faɗa yana ji. Za a maimaita sau da yawa kafin ya zauna. "Je ka rama" kuwa, ko dukan ƙasa don ta kayar da shi, koya masa ake cewa maganin zafi shi ne wani ma ya ji.

Baban Sadik, Bolari: Kukan ƙarya fa, da iyaye mata ke yi don ya ji tausayi?

Malamar Raino, Pantami: In an rufe fuska, aka buɗe ana ƙyalƙyala dariya, ya zama wasa, zai sake dukan don a sake yi masa.

Nas Hauwa, Tudun Wada: Sai waya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kar a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini. Fuskar cikin waya ba ta amsa masa. Kuma in yaro ya kai shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a kalla tare, kar a ce miskilanci ne ya gado. A kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya, a fara da gwajin ji.

Dattijo, Jekadafari: Na yarda da batun asibiti. Amma ɗiyata, dukan ƙasar nan kakanni sun yi shi, kuma kukan yana tsayawa. A bar mana wannan ɗaya.

Nas Hauwa, Tudun Wada: Yana tsayawa, Baba, don an ɗauke masa hankali ne. Hura wurin da baki a ce "sannu" ma yana tsayar da shi.