Shin "live" ta zama Hausa, ko "kai tsaye" ta wadatar?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, wanda bai yarda ba ya fito fili. Kalmar nan "live" da ake liƙawa a kusurwar talabijin ta riga ta zama Hausa, kamar yadda mota da tebur da asibiti suka zama. Ku je ƙofar gidan kallon ƙwallo ranar Asabar, za ku ji yaro riƙe da kuɗinsa yana tambayar mai gidan, "Live ne ko maimai?" Ba wanda zai ce kai tsaye ne. A rubuta ta layif kawai a huta.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ban bi ka ba. Mota da tebur mun are su ne don sun zo mana da sunayensu, ba mu da wasu. Wannan kuwa muna da abinmu a gida. Kunna rediyo ka ji: "Muna kawo muku wannan shiri kai tsaye daga fadar mai martaba." Da azumi haka ake sanar da tafsiri, kai tsaye daga masallaci, kuma tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san nufin yanzu malam yake zaune yana karatun. Me ya yi saura?

Malam Habu: Hajiya, wannan Hausar 'yan jarida ce. Ni ta kan titi nake nufi.

Ummi: Mama Binta, ki yi haƙuri, a nan ina bayan Malam. Gwada sa kai tsaye a waɗannan ki ji. Muna cewa "ta hau live a TikTok", "network ya katse min live ɗin", "mutum dubu ne a live ɗinsa". Wa zai ce ta hau kai tsaye? Sai a tambaye ki ta hau me, babur? Kai tsaye tana bayyana yadda ake watsa abu ne, live kuwa a bakinmu ta koma sunan abin kansa, har tana ɗaukar "ɗin" kamar kowane suna.

Hajiya Binta: To Ummi, ai kin sako network ma a ciki. In haka za mu bi, gobe sai mu ce shi ma ɗan gida ne. Kuma abin da ya fi damuna shi ne inda kalmar ta tsallake ta koma. Yaro zai ce "na ga gwamna live", alhali a gefen titi ya tsaya motarsa ta wuce. Ina ido da ido? Ina ganin idona? "An kama ɓarawon live", ina dumu-dumu? Kalma ɗaya ta zo tana korar uku huɗu masu daɗi.

Issoufou Maraɗi: Ku dakata 'yan Najeriya, kuna ta rabon gado ba ku kira mu ba. Mu nan Maraɗi da Damagaram abin da Télé Sahel ke rubutawa "en direct" ne, samari kuma dirak suke cewa. In ka ce wa kakata layif sai ta ɗauka sunan magani ne. Amma kai tsaye, daga Yamai har Kano har Zango a Kumasi, kowa ya gane. Malam Habu, in layif Hausa ce, dirak ma Hausa ce, sai mu samu Hausa biyu a kan abu ɗaya.

Malam Habu: Ai dama muna da su, Issoufou. Ku ce lakwal mu ce makaranta, ku ce likita mu ce asibiti, ba a yi yaƙi ba.

Injiniya Kabiru: Ni dariya kuke ba ni, don abin da kuke faɗa a kansa ma ba ya zuwa a lokacin da ake yinsa. Tauraron ɗan'adam ɗin da dish ke kallo yana sama da nisan kilomita kusan 36,000. Hoto ya hau ya sauko, wajen rubu'in daƙiƙa ya tafi, kafin a zo ga matse hoton a tashar da kuma warware shi a dikoda, wanda ke cin wasu daƙiƙu. Mai kallo a waya ta intanet shi ne kurar baya, yakan makara da rabin minti ko fiye. Shi ya sa kana kwance da wayarka, ɗan wasa bai ma ajiye ƙwallo a kan ɗigon fanareti ba, sai ka ji gidan kallon bayan layinku ya ɗauki ihu. Su ma mai ƙaramar rediyo a kunne sau da yawa ya riga su.

Ummi: Wallahi Yaya Kabiru haka ne, ni har toshe kunne nake yi.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. A wancan zamanin yawancin abin da muke kallo ɗaukakke ne, sai labarai da manyan taruka. In wani ya tambaya, cewa muke "yanzu haka ake yi". A 1996, wasanmu da Brazil a gasar Olympics ta Atlanta, ana cinmu uku da ɗaya, wasu suka tashi suka tafi kwanciya. Muka farke, Kanu ya ci ta huɗu. Da safe aka sake sa wasan, waɗanda suka gudu suka zauna suna kallo, mu kuwa muna ta faɗa musu abin da zai faru. A ranar babu wanda ya nemi Turanci kafin ya bambance wanda ya ga abu ana yi da wanda ya ga maimai.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma ku tambayi jikokinku yau me suke cewa.

Hajiya Binta: Jikokin su faɗi abin da suka ga dama a majalisarsu. Sharaɗina guda ne: mai karanta labarai a ARTV kada ya buɗe baki ya ce mana layif. A wurinsa yara ke ɗaukar abin da suke zaton shi ne daidai.

Malam Habu: A labarai na bar miki. A ƙofar gidan ƙwallo kuwa ko sisi ban rage ba.

Issoufou Maraɗi: To kafin ku watse ku gaya mana yadda za a rubuta ta, layif ko laif, don na ga Ummi ma da boko irin na Turawa take rubuta tata.